Gargaɗi ga Kafanchan da Kudancin Kaduna: A Leƙa Ƙarƙashin Layin Dogo Kafin Agusta

Jama'ar Kafanchan, da na Kagoro, Manchok, Zonkwa, Kwoi, Gidan Waya, Godogodo, Jagindi da Gwantu, a saurara. Duk wanda gidansa ke gangaren layin dogo, ko a bakin rafi, ko a wani kwari da aka cike da jar ƙasa aka yanka filaye, to da shi ake wannan magana. Damuna ta kankama, ƙasa ta fara ƙoshi, kuma ruwan da ya fi yin ɓarna a yankin nan na Agusta da Satumba ne. Abin da ake so a yi cikin makonnin nan ba wani gagarumin aiki ba ne. A bi kowace kwalbati da kowace gada a leƙa ƙarƙashinta, a kwashe abin da ya toshe ta, sannan a rubuta sunan mutum guda da za a tuhuma idan ta sake toshewa. Wanda ya raina wannan aiki ya tambayi mutanen Mokwa.

Na san amsar da za a ba ni, domin a bakin kowa take: "Ai mu a kan tudu muke, ruwa ba ya kwana a garinmu." Gaskiya ne ba ya kwana, kuma nan haɗarin yake. Ambaliyar da muka saba ji a rediyo ta manyan koguna ce, irin ta 2012 da ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ko ta 2022 da ta ci rayuka sama da 600. A Lokoja ko Makurdi kogi kan yi kwanaki yana hawa, mutum na ganinsa yana cin matakalar gida ɗaya bayan ɗaya, har ya samu sukunin ɗaure kaya. Namu ba ya sallama. Iska mai damshi da ke tasowa daga kudu maso yamma tana cin karo da duwatsun Kagoro da gefen tsaunukan Jos, ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye abin da ta ɗauko. Shi ya sa ruwan da ke sauka a wannan yanki a shekara yakan kai milimita 1,500 ko ya wuce, wato ninki biyu na abin da Katsina ke samu. Kuma a kan dutse da gangare yake sauka, inda ba shi da wurin zama sai gudu.

A yi lissafi. Ruwan sama na milimita 50, wanda hadari ɗaya na dare ke iya zubarwa, idan ya sauka a kan fili mai tsawon kilomita 1 da faɗin kilomita 1, lita miliyan 50 ke nan. Ya haura cikin tankar mai 1,500, irin mai ɗaukar lita 33,000. In ƙasa na da daji da ciyawa, ta sha wani kaso ta saki sauran a hankali. In kwanon rufi ne da siminti da kwalta, ko gonar da aka share ƙal, kusan dukansa zai gangara cikin sa'a ɗaya ko biyu, ya nemi ƙofa. Wanda ya taɓa tsayawa a Matsirga cikin Agusta ya ga yadda ruwan Kagoro ke faɗowa daga kan dutse yana tururi, ya san ƙarfin abin da ake magana a kai. Damunar 2024 ma ta shiga gidaje da gonaki a Kafanchan da ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jama'a, ta bar mutane a waje.

Yanzu ga Mokwa. Daren 28 ga Mayu 2025, wayewar garin 29, ruwa ya share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a wannan gari na Jihar Neja. Gawarwakin da aka tsamo sun haura 150 tun a kwanakin farko, wasu kuma ba a gan su ba har yau, cikinsu da almajirai da ke barci. Ba kogin Kwara ne ya yi ambaliya ba. Wani ƙaramin rafi ne da kan bushe da rani. Rahotanni da dama sun nuna cewa ruwan sama ya taru a bayan tudun ƙasar da aka ɗora layin dogo a kai, hanyar da ya kamata ya bi ta ƙasa ta kasa ɗaukarsa, ya yi ta hawa har tudun ya ɓalle, sai ya sauko kan mutane gaba ɗaya da asuba. Wato gini da aka yi don jirgi ya wuce ya koma madatsar ruwa da ba wanda ya san da ita, ba mai gadi, ba ƙofar sakin ruwa.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafanchan garin reluwe ne tun asali. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu ya iso nan, ya haɗu da na Kaduna, wani reshe ya haura Jos, kuma a jikin wannan mahaɗa garin ya girma. Layi uku ke fita daga garin, kowanne ya ratsa rafuka da kwaruruka a kan tudun ƙasa, kowane tudu da kwalbatoci a ƙarƙashinsa. An auna girman waɗannan kwalbatoci ne kusan shekara 100 da suka wuce, lokacin da bayan layin daji ne da gonaki, ba leda, ba robar lemo, ba unguwanni masu rufin kwano da ke turo ruwa da gudu. A zamanin da jirgi ke kaiwa da komowa, leburorin reluwe na bin layi da ƙafa, suna sare ciyawa suna yashe magudana, domin in ruwa ya ci ƙasan layi jirgi ne zai faɗi. Yau jirgi ya daina zirga-zirga kamar da. Aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a 2021 bai dawo wa Kafanchan da hada-hadarta ba. Jirgi ya tafi, tudun yana nan, ruwa kuma bai fasa zuwa ba. Wa ya leƙa ƙarƙashinsa bana? Duk mai shakka ya ɗauki tocila ya je ya duba wadda ta fi kusa da gidansa. In ya hango haske ta ɗaya bakin, madalla. In bai hango ba, kada ya kwana da maganar a cikinsa.

To ya kai ta ina? Nan ne cutar take, kuma ta fi toshewar kwalbati muni. Layin dogo da filin da ke gefensa na Hukumar Jiragen Ƙasa ce ta tarayya. Babbar hanya in ta tarayya ce, gyaranta na hukumar FERMA. In ta jiha ce, sai ma'aikatar ayyuka a Kaduna. Izinin gini na KASUPDA ne, takardar fili ta KADGIS, kula da muhalli na KEPA, kwasar shara da ƙananan lambatu na ƙaramar hukuma, agajin gaggawa na KADSEMA da NEMA. A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙirƙiro wa Kafanchan hukumar birni ta musamman, kamar yadda ta yi wa Kaduna da Zariya, kuma an shimfiɗa tituna a garin ƙarƙashin shirin sabunta birane. Duk da haka ruwa ɗaya da ya taso daga bayan gidan mutum zai bi lambatun ƙaramar hukuma, ya faɗa na titin jiha, ya ratsa ƙarƙashin titin tarayya, ya je ya tsaya a jikin layin dogo. Ofis huɗu ke nan a tafiyar da ba ta kai ta minti 20 ba, kuma kowane ofis na da gaskiyarsa in ya ce "ba hurumina ba ne." Sabon lambatu mai kyau ma, in ya ƙare a bakin tsohuwar kwalbati ƙarama, ya ƙara wa ruwa gudu ne kawai zuwa inda zai maƙale.

Abin bai tsaya a gari ba. Tun 1976 aka raba ƙasar nan zuwa hukumomin raya koguna. A takarda Jihar Kaduna na ƙarƙashin hukumar da ke da hedikwata a Minna, mai kula da saman kogin Kwara, kuma hakan ya yi daidai ga kogin Kaduna da Gurara. Amma ruwan da ke gangarowa daga kudancin Jama'a da Sanga ba can ya nufa ba. Kogin Mada yake bi, ya ratsa Nasarawa, ya faɗa Binuwai, yankin da hukumar Makurdi ke kula da shi. Kudancin Kaduna saman ruwa ne ga koguna biyu mafi girma a Nijeriya, amma taswirar ofis ta bi iyakar jiha, ruwa ya bi gangare. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa da aka yi ta kaiwa majalisa, a 2018 da 2020 da 2022, ya sha kaye saboda jama'a da dama, musamman a tsakiyar ƙasar nan, sun ga kamar hanya ce ta ƙwace musu bakin koguna. Tsoron nasu na da dalili, ni ma ban ga laifin wanda ya ƙi sa hannu a abin da bai gane ba. Sai dai faɗuwar ƙudirin ba ta yashe lambatu ko ɗaya ba, kuma ba za mu zauna jiran Abuja ta sasanta kanta ba alhali hadari na haɗuwa a kan Kagoro.

Don haka, Mai Girma Gwamna Uba Sani, da Mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe wadda 'yar Sanga ce ta san waɗannan rafuka da sunayensu: abin da ake roƙo umarni ne guda, a rubuce. A ɗora wa shugaban kowace ƙaramar hukuma, Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Jaba, Sanga, Kachia, Kagarko da Kauru, alhakin kowace mashigar ruwa da ke cikin ƙasarsa, ko ta wace hukuma ce. A ba shi ikon yashe ta yau, a yi rigimar wa zai biya gobe. A rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa ta turo injiniyoyinta su bi layin nan uku tare da mutanen ƙaramar hukuma, kilomita bayan kilomita. A liƙa jerin kwalbatocin a sakatariya da fadar hakimi, kowace da ranar da aka duba ta da sunan wanda ya duba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a ce ba kuɗi. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli, kuma duk wata in an raba kuɗin tarayya, jiha na da kasonta a ciki, ƙananan hukumomi ma na da nasu. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aikinsa ke nan, gyaran ƙasa da mashigar ruwa. Ranka ya daɗe ciyaman, nawa ne kason muhalli da ya shigo asusunka daga Janairu zuwa yau, kuma wace kwalbati ya buɗe? Tambaya ce da kowane kansila ya kamata ya yi a zauren majalisa, kowane ɗan gari ya yi wa kansilansa. Mun gaji da tsarin da kuɗi ba ya fitowa sai bayan an yi jana'iza, a zo da buhun shinkafa da katifa da bargo, a ɗauki hoto, a koma. Kuɗin motocin da ke rako kayan agajin kaɗai ya isa ya biya matasan unguwa su yashe lambatu na mako guda.

Akwai laifin da namu ne, ba na ofis ba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, amma kowa ya san yadda ake cinikin fili a nan: mai gona, dillali, shaidu biyu, sa hannun mai unguwa. Kuma da rani ake yi, lokacin da rafi ya bushe ya zama kamar hanyar shanu. Mai saye ya zuba tifa goma ta ƙasa, ya ja katanga, ya matse wa ruwa hanya, ruwa ya karkata gidan maƙwabci. Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, ku ne kuka san inda ruwa ke bi tun kuna yara. Hannun da ya sa wa takardar fili a cikin rafi albarka yana da kaso a abin da zai biyo baya. Mai neman fili kuma ya je ya gan shi ana tsakiyar ruwa kafin ya biya ko sisi. Ba na cewa a shigo da katafila a yi rusau. Da yawa daga waɗanda ke zaune a kwari ba ganganci ya kai su ba. Wasu hare-hare suka koro su daga ƙauye, wasu rikice-rikicen 1987 da 1999 da 2011 suka sa su sauya unguwa suka koma inda suke jin za su iya barci, kuma fili mai araha a kwari yake. Wanda za a ce ya tashi, a nuna masa inda zai koma. Amma sabon gini a hanyar ruwa, a tsayar da shi tun yana tushe.

A sama kuma, gatari na aiki. Buhunan gawayi da ke jere a bakin hanya daga Kachia zuwa Kwoi, da itacen da ake ja daga dazuzzukan Nimbia da Nindam, da tifofin da ke kwasar yashi daga gindin gada, duk bashi ne da ake ci da sunan mutanen gangare. Yashin da aka kwashe kusa da ƙafar gada shi ne ke riƙe da ita. Manoman citta, waɗanda annobar cutar citta ta 2023 ta riga ta durƙusar, sun fi kowa sanin abin da ruwa mai kwanciya ke yi wa saiwa, da abin da mai gudu ke yi wa kunya.

Sai batun labari. Kowace shekara NiMet na fitar da hasashen damuna, NIHSA na fitar da na ambaliya, a karanta a babban ɗakin taro a Abuja da Turanci, a aika wa jihohi. Aiki ne mai amfani, amma hasashen shekara ba zai gaya wa matar da ke Bakin Kogi cewa yau da ƙarfe biyun dare rafi zai cika ba. Wanda zai iya gaya mata mutum ne da ke zaune a sama, wanda ruwan ya fara wucewa ta ƙofarsa. Sanda mai fenti a jikin ƙafar gada, kore da rawaya da ja, da mutum biyu masu waya a kowane ƙauye, da yarjejeniya cewa in ruwa ya taɓa ja za a kira na ƙasa ko ƙarfe nawa ne, wannan kaɗai na iya ba iyali rabin sa'a, kuma rabin sa'a ta isa a ɗauki yara a hau tudu. Ƙasar Bangaladash, wadda guguwar 1970 ta kashe mata mutum kusan 300,000, ta rage mace-macenta ƙwarai da taimakon 'yan sa-kai masu lasifika da ke bi gida gida.

Sai dai a nan kiran wayar na da nauyin da ba shi da shi a wani wuri, kuma gara a faɗa. Rafi ɗaya kan taso a ƙasar wata ƙabila, ya ratsa rugar Fulani, ya wuce ta unguwar Hausawa, ya faɗa gonakin wata ƙabilar. Na sama da na ƙasa wataƙila sun yi shekaru ba su gaisa ba. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. To ga aiki ya samu ga wannan takarda. Allah ya ja zamanin Sarkin Jama'a, da Sarkin Kagoro, da Agwam Fantswam, da Agwatyap, da Kpop Ham, da sauran iyayen ƙasa: ku ne kaɗai za ku iya zaunar da masu unguwanni da arɗo-arɗo na bakin rafi ɗaya a inuwa ɗaya, su karɓi lambobin juna. Malamai da fastoci, lasifikar masallaci da ƙararrawar coci sun fi kowace na'ura isa kunnen mutane da tsakar dare. A sanar ranar Juma'a da Lahadi wace alama ce ke nufin "ku fito," kuma wace makaranta ko wane tudu za a nufa. A kuma kira gayya, kamar yadda ake yi wa gona, a shiga lambatu da shebur da manjagara.

Abin takaici, mutanen da ruwa ke kora a Satumba su ne ke bin 'yan garuwa a Maris. A nan Kudancin Kaduna madatsar Gurara na iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 880, ana tura shi ta bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma don Abuja ta sha. Ba wanda ke baƙin ciki da hakan. Amma yankin da ke shayar da babban birnin ƙasa bai kamata gidajensa su dogara da rijiya da burtsatse da jarka ba, kuma faɗan manomin rani da makiyayi a kan ɗan ruwan da ya rage a rafi daga wannan sakacin yake tsirowa. Ƙananan madatsu da aka gina da ilimi, masu mai kula da su, za su rage gudun ruwa da damuna su ajiye shi don rani. A jaddada "masu mai kula da su," domin Maiduguri ta ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi a Satumba 2024.

Kafin hukuma ta motsa, kowane magidanci ya yi nasa. In ana ruwa mai ƙarfi da dare kuma gidanka a gangare yake, kada duk gidan su yi barci, mutum ɗaya ya zauna yana leƙa waje. Takardun makaranta da na fili da katin shaida a ƙulle su a leda a rataye a sama. Tsofaffi da masu jego da marasa lafiya a kai su gidan dangi a tudu tun da yamma, ba sai ruwa ya shigo ba. In ruwa ya shiga ɗaki a kashe wuta daga mita kafin a taka shi. 'Yan acaba da masu Keke da direbobi, ku ji da kyau: ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya wuce idon sawu da kaɗan kawai, yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. In ruwa ya rufe gada, ba ka san ko gadar na nan ba. Fasinja ya yi ta faɗa, kai dai ka tsaya. Iyaye mata, a hana yara zuwa kallon rafi da wanka a tsofaffin ramukan haƙar kuza da na yashi. Wanda ya ga ruwa na taruwa a bayan layin dogo ko bayan titi yana hawa ba ya wucewa, kada ya tsaya ɗaukar hoto. Ya ta da mutanen da ke ƙasa da wurin, su bar gidajen nan take, sannan ya kira mai unguwa da lambar gaggawa ta 112.

Bayan ruwa ya janye ma ba a tsira ba. A yawancin gidajenmu tsakanin rijiya da masai taku kaɗan ne, kuma ambaliya na haɗa su. Duk rijiyar da ruwa ya shiga, kada a sha sai an yashe ta an zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin nan a tafasa ruwan sha. In amai da gudawa suka kama wani, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi yana kurɓa a hanya. Wanda gudawarsa ta koma kamar ruwan wankin shinkafa, a kai shi asibitin Yakowa ko asibiti mafi kusa a daren, kada a jira gari ya waye.